Ruwa Ɗaya, Ɓarna Daban-daban: Tarihin Ambaliya a Ƙauyukan Bakin Kwara da Binuwai

A wannan fitowa ina so mu waiwayi tarihin wani al'amari da ya shafi tukunyar kowane gida a cikinmu, watau ambaliyar da kan ci ƙauyukan bakin kogin Kwara da na Binuwai, musamman daga Lakwaja a gangaro Ida da Anaca har zuwa Abo. Wataƙila wani ya ce ina ruwanmu da ƙauyen Igala ko na Ibo da ke can tsakiyar fadama, mu da ke zaune cikin gari muna neman na kanmu? To ai doyar da muke lodi zuwa Arewa, da shinkafa, da garin rogo, da bandar kifi, kaso mai tsoka daga waɗannan ƙauyuka yake fitowa. Ban da haka akwai 'yan'uwanmu masunta da manoman rani da suka kafa tungaye a gaɓar kogin, wasu tun zamanin kakanninsu. In ruwa ya ci su, mu ma ya taɓa mu, ko da bai jiƙa mana tabarma ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai shi ne, ruwa ɗaya ne yake zuwa, cikin mako ɗaya, ya shiga ƙauyuka biyu masu kallon juna, amma sai ka ga ɗaya ya farfaɗo kafin hunturu ya wuce, ɗayan kuwa shekara uku bai miƙe ba. Ke nan tsawon ruwa kaɗai bai isa ya nuna ƙauyen da ke cikin hatsari ba. Akwai halin da ruwan ya tarar da mutane a ciki, kuma wannan hali yana da tarihinsa. Shi ne za mu bi daki-daki.

Halin kogunan biyu

Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, tafiyar wajen kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku. Binuwai kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru ya fito, ya biyo ta Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, tsawonsa wajen kilomita 1,400. A Lakwaja suke haɗuwa.

Kwara cikowa biyu gare shi a shekara. Akwai wadda masana ke kira farin ruwa, watau ruwan daminarmu ta nan kusa, mai gauraye da laka, wanda yakan kai ƙarshen cikarsa a Satumba zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, ruwan saman da aka yi can Gini, wanda yakan ya da zango a manyan fadamun Mali ya tace, sa'an nan ya iso Nijeriya da hunturu a hankali. Baƙin ruwa ba shi da ɓarna sosai. Farin shi ne abin tsoro, don kuwa lokacin zuwansa shi ne lokacin da Binuwai ma yake tumbatsa, kuma a wannan lokaci abin da Binuwai ke kawowa yakan kai na Kwara ko ma ya fi. In cikar biyu ta haɗu a Lakwaja cikin kwanaki ɗaya, to sai na ƙasa su shirya.

Daga Lakwaja zuwa Ida duwatsu ne suka matse kogin. Da ya wuce Ida sai ƙasa ta baje ta zama fadama mai faɗin gaske, inda kogin Anambra ke gudu kusa da Kwara kafin su haɗu daf da Anaca. Tsakanin waɗannan koguna ne ƙasar Ibaji ta jihar Kogi take, da ƙasar Anam ta jihar Anambra. Kudu da Anaca ga Ogbaru, a ƙetare kuma ga Abo da ƙauyukanta a jihar Delta. Waɗannan wurare ruwa kan hau su kowace shekara tun fil azal. Shi ne ma arzikinsu, domin in ya janye yakan bar laka mai taki da tafkuna cike da kifi.

Yadda mutanen da suka zauna da ruwa

Duk wanda ya lura da tsofaffin garuruwan bakin kogin nan zai ga ba da ka aka kafa su ba. Ida, gidan sarautar Atta Igala, a kan doguwar gaɓar dutse take tana leƙen kogi daga sama. Ainihin tsohon garin Anaca a kan tudu yake, kasuwa ce aka ajiye a bakin ruwa. Lakwaja kuwa, inda Dokta Baikie ya kafa zangon ciniki wajen 1860, inda Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairun 1900, kuma inda aka tsare Sarkin Kano Alu har ya rasu a 1926, jingine take da dutsen Patti, kuma can samansa Lugga ya gina gidan hutunsa.

Mutanen ƙauyukan fadama ba su da dutsen da za su hau, sai suka yi dabara da lokaci. Manomin Anam ko na Ibaji yakan dasa doyarsa da zarar ruwa ya janye, wajen Disamba ko Janairu, sa'ad da manomin tudu ko sharar gona bai fara ba, domin ƙasarsa tana da sauran danshi. Kafin Agusta ya fita ya haƙe abinsa. Shi ya sa sabuwar doyar farko da ke shiga kasuwar Otuocha da ta bakin ruwa a Anaca daga wajensu take zuwa, kuma kowane ɗan kasuwar doya ya san wannan. In ruwa ya zo sai ya tarar da gona wayam. Irin shuka a kan doguwar rumfa ake ɗaure shi. Ɗaki na laka ne da ciyawa, a kan gaɓar da kogi ya tara wa yashi, in ma ya faɗi da gayya za a ta da wani. Kowane gida da kwalekwalensa, yaro kuma tun yana ƙarami ya iya iyo da tuƙi.

Nufawan ruwa da ake kira Kede, masu babban gari a Muregi inda kogin Kaduna ke shiga Kwara, da Kakanda na arewa da Lakwaja, da Jukunawan Binuwai, da Kabawa da Sarkawa masunta da suka biyo kifi daga Arewa, duk sana'arsu a kan sanin ruwa take. Suna da alamunsu: launin ruwa, irin sharar da yake ɗaukowa, wata bishiya ko wani dutse da in ruwa ya taɓa shi an san lokacin kwashe kaya ya yi. Masunci yana da bukkar rani a kan yashi, yana da mazaunin damina a kan jigawa.

Har a wajen ciniki cikowa alheri ce a da. Jiragen ruwan kamfanonin Turawa sai kogi ya cika suke iya hawa Binuwai su kai Yola da Garwa, su sauke gishiri da tufafi su ɗauko gyaɗa da auduga, duk cikin 'yan watannin nan na cikowa. Tashar Baro ma, wadda aka haɗa da Kano ta layin dogo a 1911, saboda kogi aka yi ta. Ba wai ba a yin hasara a wancan zamani ba ne. Ana yi, ana ma rasa rayuka. Amma mutum jiran ruwan yake yi da lissafinsa a hannu, kuma abin da ruwa kan ɗauka bai cika fin ƙarfin abin da zai iya mayarwa ba.

Abubuwan da suka sauya

Na farko madatsun ruwa. An gama dam ɗin Kainji a 1968, tafkinsa ya haɗiye tsohon garin Busa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Daga baya aka yi na Jabba a 1985, da na Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. A ɓangaren Binuwai kuma Kamaru ta gama dam ɗin Lagdo kusa da Garwa a 1982. Dam yakan riƙe ƙananan cikowa, saboda haka aka yi shekaru ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba. To amma dam kamar randa yake, in ya cika dole a rage shi, in ba haka ba ya fashe. Sai ya zamana ruwan da a da yake hawa sannu-sannu da alamunsa, yanzu wani lokaci daga buɗe ƙofa yake zuwa, kuma tsohon da ke duban launin ruwa ba shi da hanyar sanin ranar da za a buɗe. A 1999 da aka buɗe ƙofofin Kainji da Jabba da Shiroro, ƙauyuka masu yawa a jihohin Neja da Kwara sun nutse. Kukan waɗannan al'ummu ne ya kai ga dokar da aka yi a 2010 ta kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda sai da aka yi wajen shekara goma kafin ta fara aiki.

Na biyu fari. Wanda ya kai shekarunmu ya ji labarin farin 1972 zuwa 1974, ya kuma ga na 1983 zuwa 1985 da idonsa. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai, abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Aka yi sama da shekara ashirin kogunan nan suna rame. A cikin wannan lokaci aka haifi mutane suka girma suka yi aure ba su taɓa ganin babbar cikowa ba, suka gina gida a inda kakansu ko akuya ba zai ɗaure ba. Wannan farin dai shi ne ya koro jama'a da yawa daga Arewa, masunta da makiyaya da manoman rani, suka gangaro fadamun kudu neman danshi. Wanda ya zo daga baya kuwa ai ba ya zaɓen wurin zama, inda aka nuna masa nan yake sauka, kuma yawanci kwari ne ya rage.

Na uku mota. Tun da aka buɗe gadar Anaca a 1965, daga baya kuma aka yi gadar Murtala a Jamata kusa da Kwatan Ƙarfe, sai fataucin kogi ya yi ta ja da baya. Gida da yawa suka bar kwalekwale ya ruɓe suka sayi babur. A 1991 aka ƙirƙiro jihar Kogi da ta Delta, Lakwaja da Asaba suka zama manyan biranen jiha, gine-gine suka malala zuwa kwari, irin su Ganaja da Adankolo da Gadumo a Lakwaja. Shi kuma kogi ya yi ta cika da yashi saboda saran itatuwa da zaizayar ƙasa. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin a Lakwaja a 2009, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro, amma don jirage su sami hanya aka tsara aikin, ba don ɗauke ambaliya ba.

Na huɗu shi ne dukiya da bashi. Ƙauyen yau akwai gidan bulo da kwano, da injin casa, da injin niƙa, da janareto, da shagon kaya. Ga rogo, wanda yakan shekara a ƙasa, kuma kwana kaɗan zai yi cikin ruwa ya ruɓe. Ga shinkafar da ba ta nuna sai Oktoba ko Nuwamba. Ga taki da maganin feshi da aka ɗauko bashi sai kaka. Duk ci gaba ne, ba mai ƙin sa, amma kowannensu ƙari ne a kan abin da ruwa zai iya ɗauka, kuma ba wanda ake ɗorawa a kwalekwale.

Shekaru uku da ba a mantawa

A kan wannan hali ruwan 2012 ya zo. Aka yi damina mai ƙarfi, dam-dam suka cika, aka saki ruwa daga Lagdo da Kainji da Jabba da Shiroro, cikar biyu ta haɗu. A ƙarshen Satumba ma'aunin ruwa na Lakwaja ya kai mita 12.84. Hanyar Lakwaja zuwa Abuja ta yanke, manyan motoci suka yi kwanaki jere a titi, tumatir da albasa suka ruɓe a cikinsu, shanu suka galabaita. Ibaji da Anam da Ogbaru suka koma kamar teku, sai kan rufin gidaje da bishiyoyi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, kuma an ƙiyasta hasarar da naira tiriliyan 2.6. Har gidan Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a Otuoke ruwa ya shiga. Gwamnati ta ware naira biliyan 17.6 ga jihohi da hukumomi, ta kuma kafa kwamitin neman gudummawa a ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba.

A lokacin aka yi ta cewa irin wannan sai a yi shekaru masu yawa ba a sake gani ba. Shekara shida tsakani, a Satumban 2018, sai ga shi an ayyana bala'in ƙasa a jihohin Kogi da Neja da Anambra da Delta. A 2022 kuwa abin ya zarce na farko, domin ma'aunin Lakwaja ya kai mita 13.22 a farkon Oktoba. Hanya ta sake yankewa a Kwatan Ƙarfe, har man fetur ya yi wuya a Abuja saboda tankoki sun maƙale. Jihar Bayelsa ta kusa rabuwa da sauran ƙasa. Gwamnatin tarayya ta ce sama da mutum 600 suka rasu, wajen miliyan 1.4 suka rasa matsuguni. Ran 7 ga Oktoba wani jirgin fito ɗauke da mutum wajen 85 ya kife a Ogbaru, rahotannin lokacin suka ce 76 ne suka halaka, da yawansu mata da yara.

Duk sa'ad da haka ta faru sai ka ji kowa yana ambaton Lagdo, ana tuna dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don ya tare ruwan amma ba a gina ba. Gaskiya ne sakin ruwan Lagdo yana ƙara wa Binuwai ƙarfi, musamman a Yola da Numan. Amma kogunan Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasa da Lagdo suke shiga Binuwai, kuma ruwan da suke kawowa ba kaɗan ba ne. Ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Sulaiman Adamu, ya faɗa a 2022 cewa mafi yawan ruwan daga saman da aka yi a cikin gida ne. Ko da an gina Dasin Hausa gobe, mutumin Ibaji ba zai rabu da cikowa ba. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce, wane ƙauye ne ruwa zai fi yi wa illa in ya zo, kuma don me?

Yadda ake auna ƙauye

Ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi sai ya kwance bakin buhu ya zura hannu har ƙasa. Haka ya kamata a yi wa ƙauyen bakin kogi. Daga abin da tarihin nan ya nuna, abubuwa shida ake dubawa.

Na farko, inda ƙauyen yake. Wannan ba ya bukatar na'ura, domin ruwan 2012 da na 2022 sun bar zane a bangon makarantu da wuraren ibada. A je a tsaya a gindin bangon a gani, gwiwa ya kai ko ƙirji ko taga ya rufe. Sa'an nan a tambaya, a cikin ƙauyen akwai wurin da ruwa bai taɓa ba? In akwai, zai ɗauki mutum nawa da dabbobinsu? In babu, tudu mafi kusa tafiyar awa nawa ce?

Na biyu, hanyar fita. Yawancin ƙauyukan fadama hanya ɗaya gare su, kuma ita ruwa yake fara yankewa tun kafin ya shiga gida. A ƙidaya kwalekwale da jirage masu inji, a ƙidaya kawunan mutane, a raba a gani sawu nawa za a yi. Inda jirgi biyu ne ga mutum ɗari biyar, to dole a yi lodin da ya wuce kima, kuɗin fito kuma ya ninka, talaka ya zauna a kan rufi yana jira. Sau da yawa a hanyar gudu ake rasa rai, kamar yadda aka gani a Ogbaru.

Na uku, me ke cikin gona a watan Satumba, kuma ina aka ajiye iri. Ƙauyen da ya haƙe doyarsa a Agusta ya ɗaure iri a sama ya tsira da shekararsa. Wanda dukiyarsa rogo ce da shinkafar da ba ta nuna ba, sai dai ya yi tugun gaggawa ya sayar da araha, mu kuma a kasuwa mu ga kaya sun faɗi warwas na mako biyu, daga nan su yi tashin gwauron zabi har wata shekara. Mafi muni shi ne manomin da yunwa ta sa ya cinye irinsa a sansanin gudun hijira, don wannan shekara biyu ya rasa ke nan.

Na huɗu, labari. Tun daga 2013 hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin hatsari. Ruwan da ya wuce Yola kuma yakan ɗauki kwanaki da dama kafin ya iso Lakwaja, ya sake ɗaukar wasu kafin Anaca, ke nan akwai lokacin shiri. Amma sanarwar da aka yi a Abuja da Turanci, ta ambaci sunan ƙaramar hukuma kawai, wa zai kai ta tunga? Da wane harshe? A tambaya ko akwai mutum guda a ƙauyen da aka ɗora wa nauyin jin labari da faɗa wa jama'a, kuma ko ana yarda da shi. Ko an ji ma, ba kowa ke tashi ba. Wani tsoron ɓarayi yake, wani ba zai bar awakinsa ba, wani ya taɓa zaman sansani a cikin ajin firamare da iyalinsa ya ce ba zai ƙara ba. Wannan ba taurin kai ba ne kawai, lissafi ne, kuma sai an warware masa lissafin zai tashi.

Na biyar, su wane ne a gida. Ƙauyen da samarinsa suka tafi birni acaba, aka bar tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara, raunin sa ya ninka na maƙwabcinsa ko da gidajensu iri ɗaya ne. A nan kuma ake duba ruwan sha. In rijiya a buɗe take, masai kuma yana kusa, to ruwa zai haɗa su, kuma amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sukan kashe mutane bayan kogi ya koma, sa'ad da 'yan jarida suka riga suka tafi. Ga macizai da su ma tudu suke nema. A tambaya asibitin sha-ka-tafi yana kan tudu ko shi ma yana nutsewa.

Na shida, abin da mutum zai kama ya miƙe. Yana da sana'a ta biyu? Yana da dangi a gari mai tudu? Bashi nawa ne a kansa? Akwai adashi ko ƙungiyar da za ta ranta masa iri? Sunansa yana cikin takardar da ake raba agaji da ita?

Alal misali, ɗauki ƙauyuka biyu da ruwa ya kai wa ƙirji. Na farko ya haƙe doya da wuri, yana da jirage, 'ya'yansa suna Anaca suna aiko da kuɗi, mai garinsa kuma yana da kujera a ƙaramar hukuma. Na biyu tungar baƙi ce, gonar aro, shinkafa a kan bashi, jirgi ɗaya, ba mai magana da yawunsu. In ma'aikaci ya zo da awo zai rubuta musu hatsari iri ɗaya. Mu da muke cin kasuwa da su mun san ba ɗaya ba ne.

Inda abin ya shafe mu

Wannan tunga ta biyu sau da yawa ta mutanenmu ce. Baƙo shi ne na ƙarshe wajen samun fili, shi ne kuma na ƙarshe wajen shiga jerin agaji, domin ta hannun masu unguwanni da kansiloli ake rubuta sunaye, kuma kowa nasa ya fi sani. Har a cikin gari haka abin yake, unguwannin baƙi da kasuwannin dabbobi da na kayan gwari da yawansu a bakin ruwa ko a kwari suke, kamar Wadata a Makurɗi. Ba mu manta ba da abin da ya faru a Mokwa ran 29 ga Mayun 2025, inda ruwan sama na dare ɗaya, ba ma cikowar kogi ba, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa sama da mutum 150. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke hannunmu ba ya bukatar jiran gwamnati. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suna iya sa a zaga tun da rani a rubuta kowace tunga da yawan mutanenta da jiragenta, a kai wa hukumar agaji ta jiha kafin ranar bukata. Ana iya haɗa zumunci ta waya tsakanin 'yan'uwanmu na Yola da Ibi da Makurɗi da Jabba da Lakwaja, duk wanda ya ga ruwa ya motsa ya faɗa wa na ƙasa da shi da Hausa, domin dama kullum muna kiran juna a kan farashin kaya. Fatoma da dillalin da ke ba manomi kuɗi kafin kaka ya tambaye shi watan da zai girbe da inda zai ajiye iri, don amfanin su biyun. Wanda zai kama shago ko sito a bakin ruwa ya nemi zanen 2022 a bango kafin ya biya haya. A kuma nemi fahimtar juna da masu gari a kan wurin da jama'a da dabbobi za su fake in ta ɓaci, tun ana zaman lafiya da juna, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kogin nan ya girme mu, ya girmi dam-dam ɗin da aka yi masa, kuma 2012 da 2018 da 2022 sun nuna bai manta da tsofaffin hanyoyinsa ba. Mutanen da sun zauna da shi ne saboda sun san halinsa sun kuma san nasu ƙarfin. Wannan sanin ne ya kamata mu farfaɗo da shi, mu haɗa da na zamani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafificin alheri, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.